Hannuwan da suka haɗu suka ceci ƙafar mai ciwon suga

 A filinmu na lafiya na wannan wata tarihi muka ɗauko. Ga shi mun rubuta domin wanda shirin ya wuce shi yana daji ko yana kan hanya, ya karanta ko a karanta masa.

Abin da ya jawo zancen wata tambaya ce da masu kiran waya suka sha yi mana. Mutum yana shan maganin suga, ko yana yin allurarsa, amma a wayi gari an ce an yanke masa ƙafa. To mene ne amfanin maganin? Tambaya ce mai nauyi, balle a wurinka kai da ƙafarka ce jarinka. Mai bin shanu daga Dakoro zuwa kudu da ƙafa yake yi. Mai fiton kaya tsakanin Ƙonni da Illela, ko Maraɗi da Jibiya, ko Magarya da Maigatari, da ƙafa yake tada babur, da ita yake zaga kasuwa. Ran da ƙafa ta tafi, sana'a ta tafi.

Likitocin duniya ma sun yi wa kansu wannan tambayar kusan shekara ɗari da suka wuce. Amsar da suka samu ita ce za mu bi daki-daki.

Kafin a sami allura

Ciwon suga tsohon ciwo ne. Masu maganin ƙasar Indiya na zamanin da sun lura kiyashi na taruwa a fitsarin wasu marasa lafiya. Ibn Sina, babban likitan nan da ya rasu a 1037, ya yi bayanin zaƙin fitsarin, ya kuma ambaci ruɓewar nama da ke samun masu ciwon. An san ciwon, amma ba a san inda yake fitowa ba.

Sai a 1889 wasu likitoci biyu a birnin Strasbourg, Minkowski da von Mering, suka cire wa kare wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas. Nan da nan karen ya kamu da ciwon suga. Daga nan aka gane cewa wannan gaɓa ce ke fitar da wani sinadari mai buɗe wa suga hanya ya bar jini ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Idan sinadarin ya ƙare, ko jiki ya daina jin sa, sai suga ya taru a jini. Shi ne ciwon.

Ganewa daban, magani daban. Har zuwa 1921, yaron da ya kamu da irin mai tsanani da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu. Abin da likita ke iya yi kawai shi ne ya rage masa abinci har ya koma ƙashi da fata, don a ɗan ja kwana.

Mutum huɗu a Toronto

A watan Mayu na 1921, a jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, wani matashin likitan tiyata mai suna Frederick Banting ya fara gwaji a kan karnuka. Shi ke da dabarar, shi ke da hannun fiɗa, amma bai ƙware a awon jini ba. Farfesa John Macleod ya ba shi ɗakin aiki da karnuka da shawara, ya kuma haɗa shi da wani ɗalibi, Charles Best, wanda ya iya auna suga. Suka tatso ruwan fankiriyas suka yi wa karen da ke da ciwon allura, suga ya sauka. Da aiki ya yi nisa sai suka koma samo fankiriyas ɗin shanu daga mahauta. Ka ji, ɗan'uwa makiyayi: maganin da ya fara ceton ɗan Adam daga wannan ciwo daga cikin saniya ya fito, kuma shekaru kusan 60 ana haɗa shi daga dabbobi kafin irin na mutum ya shigo kasuwa a 1982.

Ran 11 ga Janairu 1922 aka yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurar farko. Nauyinsa bai cika kilo 30 ba. Ba a ji daɗin sakamakon ba, don ruwan bai tatu sosai ba, har wurin allurar ya yi ƙurji. Mutum na huɗu ne ya fid da su kunya: James Collip, masanin sinadaran jiki, wanda ya shigo aikin a watan Disamba. Shi ya gano yadda za a tace ruwan ya yi tsabta. Ran 23 ga watan aka sake yi wa yaron da na Collip, suga ya sauka, yaro ya farfaɗo, ya ƙara shekara 13 a duniya. Sunan maganin insulin.

Kada ka ɗauka mutanen nan huɗu aminan juna ne. Sun yi ta faɗa a kan wa ya fi cancantar yabo, har Banting da Collip sun kusa ba hammata iska. Da aka ba Banting da Macleod kyautar Nobel a 1923, Banting ya raba kuɗinsa da Best, Macleod ya raba nasa da Collip, amma zukata ba su huce ba. Duk da haka, cire ɗaya daga cikinsu ka ga in aikin zai kai ga yaron nan a wannan wata. Kamar kasuwar shanu ce: mai dabba da dillali da mai mota da mahauci ba dole su so juna ba, amma in ɗaya ya janye ciniki ya tsaya.

Allura ta hana mutuwa, sai ga wata matsala

Da insulin ya bazu, mutane suka zaci an gama da ciwon suga. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ganin ba a gama ba shi ne Dakta Elliott Joslin na birnin Boston a Amurka. Mutum ne mai son rubuta komai. Tun yana matashin likita yake da babban littafi inda yake sa sunan kowane majinyaci da abin da ya same shi har ƙarshen rayuwarsa. Littafin nan ne ya nuna masa cewa masu mutuwa da doguwar suma sun ragu ƙwarai, amma masu zuwa da ruɓaɓɓiyar ƙafa suna ƙaruwa. Mutane sun daɗe a raye, sai ciwon ya sami lokacin yin ɓarnarsa a hankali: ido, ƙoda, zuciya, ƙafa.

Joslin ya ga likita ɗaya da allura ɗaya ba za su iya da wannan ba. Sai ya fara tara mutane a asibitin da yake aiki, New England Deaconess. Ya jawo likitan tiyata Leland McKittrick, suka riƙa duba majinyaci tare kafin a yanke shawarar yanka. Wajen ƙarshen shekarun 1920 aka buɗe ɗaki na musamman domin ƙafa, inda masu kula da ƙafa da ma'aikatan jinya ke yanke farce, su kankare kanta, su koya wa mutum yadda zai wanke ƙafarsa ya duba ta. Akwai masu koyar da abinci, da awo a hannu, suna nuna wa majinyaci yawan abin da zai ci. Ya kuma fito da wata nas mai yawo, wadda ke bin majinyata har gida ta ga tukunyarsu da yadda suke yin allura, ta koya wa iyalin gidan. Shi kansa yakan tara majinyata kamar 'yan makaranta ya yi musu darasi, kuma tun 1918 ya rubuta littafin jagora domin likita da majinyaci su yi amfani da shi tare. Yakan kwatanta magani da keken da dawakai uku ke ja: abinci, motsa jiki da insulin. Majinyaci ne mai riƙe da linzami.

A 1934 ya fito fili ya gaya wa 'yan'uwansa likitoci cewa ruɓewar ƙafa abu ne da ake iya karewa. Da maganin fenisilin ya zo a shekarun 1940, McKittrick ya nuna ana iya yanke gaban ƙafa kawai a bar wa mutum diddigensa ya ci gaba da takawa, maimakon a sare ta daga sama da gwiwa kamar yadda aka saba.

Mata ma sun amfana da wannan tsari. Dakta Priscilla White ta shiga aikin Joslin a 1924, ta ɗauki nauyin masu juna biyu, tana aiki kafaɗa da kafaɗa da likitocin haihuwa da na jarirai. Lokacin da ta fara, kusan rabin jariran masu ciwon suga ne ke rayuwa. Kafin ta ajiye aiki a tsakiyar shekarun 1970, sama da kashi 90 cikin 100 ke rayuwa a hannunsu.

Darasi daga masu kuturta

Saura tambaya ɗaya: me ya sa ƙafar mai suga ke yin gyambo tun farko? Amsar ta fito daga inda ba a zata ba. Wani likitan tiyata Bature, Paul Brand, wanda aka haifa a Indiya, ya yi shekaru yana aiki da masu kuturta a garin Vellore. A da ana cewa kuturta ce ke cinye nama. Brand ya sa ido ya ga ba haka abin yake ba. Ciwon yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi ne. Mutum ya taka ƙusa bai sani ba, ya ɗauki tukunya mai zafi bai ji ba, ya yi ta takawa a kan rauni har ya zurfafa. Har ya gano ɓeraye na gwaguyar yatsun wasu cikin dare suna barci ba su farka ba.

A 1966 Brand ya koma asibitin masu kuturta na Carville a Amurka. A can ya nuna cewa abin da ke faruwa da ƙafar mai suga ke nan. Suga in ya daɗe yana sama, yana lalata jijiyoyin ji, yana kuma toshe jijiyoyin jini. Na farko ya sa ba ka jin rauni, na biyu ya sa raunin ba ya warkewa da wuri. Daga wannan aiki aka yaɗa wani gwaji mai sauƙi: a dangwala wa tafin ƙafa wani siririn zaren roba har ya lanƙwashe, in mutum bai ji ba, to ƙafarsa na cikin haɗari. Daga nan kuma aka gane cewa mai ɗinkin takalmi yana da kujera a cikin masu magani.

Tsaya ka auna wannan da rayuwarka. Ƙaya da ƙarangiya a daji. Rairayi mai zafi da tsakar rana. Takalmin roba da ke gurzar yatsa tun safe har magariba. Jin ɗumi a bakin wuta lokacin hunturu. Salansar babur da ke taɓa ƙwauri. Mai lafiya zai ji zafi ya janye. Wanda suga ya kashe wa ji sai dai ya ga jini a takalmi, ko wani ya ce masa ƙafarka na wari.

Lissafin Landan

Wanda ya sa wa wannan magana lamba shi ne Dakta Michael Edmonds na asibitin King's College a Landan. A 1981 ya buɗe ɗakin ƙafa inda mutum biyar ke aiki a wuri ɗaya: likitan suga, likitan tiyata, nas, mai kula da ƙafa da mai haɗa takalmi. Majinyaci ba ya yawo daga wannan layi zuwa wancan, kowa na ganin abin da ɗan'uwansa ya yi, kuma wanda ya ga sabon rauni yana iya zuwa ba sai ranar da aka sa masa ba.

A 1986 suka fitar da sakamakon shekara uku. A shekaru biyu kafin buɗe ɗakin, an yi babban yankan ƙafa 11 a shekara ɗaya, 12 a ɗayar. Bayan buɗe shi sai ya koma 7, 7, sannan 5. Gyambon da rashin ji ya kawo, kashi 86 cikin 100 ya warke. Wanda toshewar jijiyar jini ta kawo, kashi 72 ya warke. Ga kuma lambar da ya kamata ka riƙe: cikin waɗanda suka sa takalmin da aka ɗinka daidai ƙafarsu, kashi 26 ne gyambon ya dawo musu. Waɗanda suka koma wa tsohon takalminsu, kashi 83. Babu sabon magani da aka ƙirƙiro a ɗakin nan. Mutanen da asibitin ke da su ne aka zaunar wuri ɗaya.

Labarin ya yi tasiri har a 1989, a wani taro a garin Saint Vincent na Italiya, wakilan ƙasashen Turai da Hukumar Lafiya ta Duniya suka ɗaukar wa kansu alkawarin rage yankan ƙafa da rabi cikin shekara biyar. Ƙasashe da yawa ba su cika alkawarin a kan lokaci ba. Sa hannu a takarda ya fi sauƙi a kan haɗa kan ma'aikata.

Ido da ƙoda fa?

A tsakanin 1983 da 1993 an yi wani babban bincike a Amurka da Kanada a kan mutum 1,441 masu irin ciwon da ke buƙatar insulin tun ƙuruciya. Aka raba su biyu. Rabi aka bar su da kulawar da aka saba. Rabi kuma aka sa su auna suga sau da yawa a yini, su yi allura sau uku ko fiye, kuma aka kewaye kowannensu da likita da nas da masaniyar abinci da mai ba da shawara kan damuwa. Ana ganinsu duk wata, nas na buga musu waya tsakanin zuwa da zuwa a gyara awon allura.

A rukuni na biyu, haɗarin fara lalacewar ido ya ragu da kashi 76 cikin 100, na lalacewar jijiyoyin ji da kusan kashi 60, alamun ciwon ƙoda ma suka ragu sosai. Amma akwai farashi: faɗuwar suga mai tsanani ta ninka kusan sau uku. Wannan ya ƙara nuna cewa matsa wa suga lamba ba aikin mutum shi kaɗai ba ne, sai da mai sa ido a kusa.

Yadda Afirka ta ɗauki darasin

Za ka ce, to malam, wannan ai zancen ƙasashen masu kuɗi ne, mu da likita ɗaya ke duba gari guda ina za mu sami mutum biyar? Haka likitocin Tanzaniya suka tambayi kansu. A can Dakta Zulfiqarali Abbas na birnin Darussalam ya yi shekaru yana ganin mutane na zuwa da ƙafa ta riga ta ruɓe, bayan sun gwada maganin gida da na kanti. Shi ma ya rubuta labarin majinyatan da ɓera ya ciji ƙafarsu suna barci.

A farkon shekarun 2000 shi da wasu likitocin Indiya da na Turai suka tsara wani shiri da suka kira Mataki-Mataki, da tallafin Gidauniyar Ciwon Suga ta Duniya. Ƙa'idarsa ita ce ba a gayyatar likita shi kaɗai. Daga kowane asibiti sai an zo bibbiyu, likita da nas. A koya musu na 'yan kwanaki yadda ake duba ƙafa, da kankare kanta, da wanke gyambo, da gane wanda ya kamata a tura babban asibiti yau ba gobe ba. A ba su kayan aiki, su koma su buɗe ɗan ɗakin ƙafa su kuma koya wa wasu. Bayan shekara su dawo da rahoton abin da suka gani a ƙara musu ilimi. Yankan ƙafa ya ragu a wuraren da shirin ya kai, kuma daga baya wasu ƙasashen Afirka da na wajenta suka kwafa. Wato ƙungiyar mutum biyu da ke magana da juna ta isa a fara.

Maƙwabciyarmu Kamaru ta gwada wata hanyar. Daga 2007, a karkarar tsakiyar ƙasar, aka horar da ma'aikatan jinya na ƙananan asibitoci 75 su riƙa duba hawan jini da suga, da takardar ƙa'ida a gabansu, likitan gunduma na zagayowa yana duba aikinsu. Waɗanda suka riƙa zuwa, sugansu da jininsu sun sauka. Sai dai kash, mafi yawan majinyatan ba su kai shekara suna zuwa ba. Da mutum ya ji sauƙi sai ya ɓace. Sai aka gwada dabaru biyu masu araha: a aika wa wanda ya yi fashi takardar tuni har gida, ko a ba wanda ya zo wata huɗu a jere maganin wata ɗaya kyauta. Kowace daga cikinsu ta ninka yawan masu ci gaba da zuwa kusan sau biyu. Darasin Kamaru shi ne, ko an haɗa ma'aikata, in majinyaci ya fita daga da'irar aikin ya rushe.

Kai da ke tsakanin ƙasa biyu

A nan ne tarihin ya iso ƙofarka. Mutumin Landan ya tarar da masu kula da shi a ɗaki ɗaya. Kai kuwa naka a warwatse suke. Wanda ya fara gano maka ciwon yana Maraɗi, wanda ke sayar maka da magani yana Jibiya, wanda ya wanke maka rauni yana wani ƙauye a hanyar mashaya, mai duba ido yana Katsina ko Damagaram. Ba su san juna ba, ɗaya da Faransanci yake rubutu, ɗaya da Ingilishi. Igiyar da za ta ɗaure su ita ce karnenka, ko katinka, da bakinka.

Ga misalin da ya isa ya sa ka riƙe takarda da kyau. Ƙasashen biyu ba da mudu ɗaya suke auna suga ba. A Nijar za ka ga an rubuta 1,26 g/l. A Najeriya wannan awon dai shi ne 126 a yawancin ƙananan na'urorin hannu, ko 7.0 a takardar ɗakin gwaji. Wannan ita ce iyakar da in awon safe kafin a ci komai ya kai ta, aka kuma maimaita aka sake samu, ake cewa mutum na da ciwon. Haka 1,80 da 180 da 10 duk abu ɗaya ne. In ka je ka ce wa malamin asibiti "sugana biyu ne" ba takarda, a wani mudun ka yi sama sosai, a wani kuma kana bakin suma don ƙarancinsa. Nuna takarda, ka faɗi inda aka yi awon.

Magani ma haka. Ƙwaya ɗaya na iya zuwa da suna biyu. Glucophage shi ne metformin, Daonil shi ne glibenclamide. Wanda ya karɓi ɗaya a wannan ƙetare ya sayi ɗayan a wancan, yana zaton magani biyu ne, ya ninka wa kansa awo. In glibenclamide ne aka ninka, suga na iya faɗuwa mutum ya sume a tsakiyar daji. Ka riƙa tafiya da kwalayen maganinka ka zube su gaban duk wanda zai rubuta maka sabo. Mai yin allura kuma ya duba lambar jikin kwalba, 40 ce ko 100, ya tabbata sirinjin irin nata ne.

Duk wanda ya taɓa ka a asibiti, ko majo ne ko nas ko likita, ka roƙe shi ya rubuta a karne: awon suga, awon jini, maganin da ya ba ka, da ranar dawowa. In bai ce ka cire takalmi ba, kai ka cire ka ce a duba. Ka nemi a duba maka ido da ƙoda sau ɗaya a shekara ko da kana jin garau, domin ɓarnarsu ba ta sallama. In za ka yi doguwar tafiya, ko azumi ya gabato, ka je a tsara maka magani tun kafin lokacin. Ka kuma gaya wa mai ba ka shawarar abinci gaskiya: kofin shayi nawa kake sha a yini da sukari nawa ake zubawa, fura nawa, lemon kwalba nawa a ranar kasuwa. In ka ɓoye masa, da ƙarya zai yi maka lissafi.

Mutanen gida su ma 'yan ƙungiya ne, kamar yadda nas ɗin Joslin mai yawo ta gane. Uwargida ce ke riƙe da tukunya, a tafi da ita asibiti ta ji da kunnenta. Yaro mai kaifin ido ya duba maka tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowace yamma. Lokacin alwala dama ce ta duba ƙafa, a kuma tsane tsakanin yatsu bayan an gama. Ka zazzage takalmi ka sa hannu ciki kafin ka sa ƙafa. Ka sami baduku ya yi maka mai faɗi, mai taushin ciki, mai kaurin ƙasan da ƙaya ba ta hudawa. Kanta da faso kada a sa musu reza a gida ko a wurin wanzami. Abokin tafiyarka ya san alamun faɗuwar suga: rawar jiki, gumi, yunwa mai tsanani, magana ba kan gado. In mutum yana iya haɗiya a ba shi sukari ko abin sha mai zaƙi nan take. In ya sume kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti.

Rauni kuwa, komai ƙanƙantarsa, in ya bayyana a ƙafar mai suga, kada a ce bari a ci kasuwar jibi tukuna. In ya kumbura, ko ya canza launi, ko ya fara wari, ko zazzaɓi ya biyo, ranar ce ranar tafiya. Tsakanin yanke yatsa ɗaya da yanke ƙafa gaba ɗaya sau da yawa 'yan kwanaki ne.

Ga ma'aikatan lafiya da ke karanta wannan a ɓangarorin biyu na iyaka, muna da roƙo. Ku rubuta awo da mudunsa a fili, ku rubuta asalin sunan magani ba sunan kamfani kaɗai ba, ku ajiye lambar wayar takwaranku na ƙetare. Abin da Boston da Landan da Darussalam suka yi ya fara ne daga ma'aikaci ɗaya da ya yarda ya tambayi ɗan'uwansa.

Ran 14 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce ranar ciwon suga ta duniya, ranar haihuwar Banting ce aka zaɓa. Asibitoci da ƙungiyoyi da dama kan yi awo kyauta ko da rahusa a lokacin. In ka haura shekara 40, ko akwai mai ciwon a danginku, ko kana yawan fitsari da ƙishirwa da rama ba dalili, kada ka jira ranar, je a auna ka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma cikin hannuwan da za su ɗauki wannan, naka ne na farko.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kai matafiya gida lafiya, ya albarkaci garke da kasuwa.